Wat Biyar da Murafan Gwaggo

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Gwaggo, kuma magininsa, Allah ya jiƙansa, bai yi ɓarnar siminti ba. Idan ta yi atishawa ta ce alhamdulillahi, daga kan kujerata nake amsa mata. Amsar ba ta kai gare ta, don kunnuwanta sun yi nauyi tun shekarun baya, amma ni dai na sauke haƙƙi.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Gidan da muke ciki a Zango shi ya gina da fataucin goro, ɗakuna sun kewaye tsakar gida da famfo ɗaya, kuma tun da ya rasu ita ce mai faɗa a ji. Iyayensu daga Tawa suka zo. A Kumasi aka haife ta, ta haura tamanin ba ta taɓa ganin Tawa ba, amma har gobe bakinta na can ne, kuma ba ta yin hukunci biyu a kan magana ɗaya. Idan ta yanke, ta yanke.

A jikin bangon nan namu, ta ɓangarenta, kabad ɗinta mai gilashi yake, dab da kan gadonta. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin tsohuwar Zango ya san abin da nake nufi. Jere ne hawa biyar na kwanuka masu murfi, manya a ƙasa, ƙanana a sama, masu fure da masu zanen kifi da fararen silba. Ba a ci a cikinsu. Duk Alhamis ana sauke su a goge a mayar, kowanne da gurbinsa. A hawan tsakiya kuma farantan tangaran uku ne a jingine. Babban na tsakiya na mahaifiyarta ne, shi kaɗai ya rage mata daga hannun tsohuwar.

Ni kuwa wayarin ɗin motoci nake yi a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, shekara talatin da wani abu ke nan. Amma kafin in san jan waya da baƙa, na san jita. Ina ɗan shekara sha shida na samu ta farko, kuma ranar da mahaifina ya gan ta ya rantse in ya sake ganin ta sai ya hura wutar koko da ita. Gwaggo ce ta naɗe ta da tsohon zane ta cusa bayan kabad ɗin nan. Shekara biyu jitar tana can. In zan fita koyo in shiga gaishe ta, ta kawar da kai, in zaro in tsallake ta baya. Ba ta taɓa ce mini ga dalilinta ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Daga baya na shiga wata ƙungiyar makaɗan hailaif. Asabar muna wurin jana'izar Asantawa, Lahadi muna wurin biki, Litinin ina ƙarƙashin sitiyarin mota ina hamma. A lokacin na mallaki amfilifaya, na'urar ƙara muryar jita, mai ƙarfin wat ɗari, kai a sama, akwatin lasifika huɗu a ƙasa, sai ƙarti biyu suke ɗaga ta. Tirela muke ce mata. Da masu kiɗan faifai suka cinye kasuwar biki, ƙungiyar ta watse, kowa ya kwashi nasa. Tirela ta dawo gida ta tare a ɗakina, ta ci wurin da maiɗakina take so ta sa firji. Wannan maganar har yau ba ta mutu ba.

Sai na ɗan yi bayani a nan, don kada a ce mugunta ce take sa ni murɗa abin. Amfilifayar irin ta dā ce, mai kwalabe a ciki, waɗanda masu gyara suke kira bawul. In ka kunna sai ka jira su yi ja kamar garwashi kafin su yi magana. Halinsu shi ne ba sa ba da daɗi sai an matsa musu. In maɓallin ƙara yana lamba ɗaya ko biyu muryar jita siririya ce, busasshiya, kamar ana kiɗa a cikin gwangwanin madara. Sai ka kai biyar, shida, sannan murya ta yi kauri, ta yi maiƙo, ka taɓa tsirkiya ɗaya ta riƙe ta ƙi saki. Matsalar ita ce shidan wat ɗari an yi ta ne don filin ƙwallo cike da masu makoki, ba don ɗakin da bai fi taku biyar ba.

Na san da haka, shi ya sa nake tsayawa a uku. Kullum in na dawo daga aiki na yi la'asar, in zauna in kaɗa har a kira magariba. A ukun ma murafan Gwaggo suna amsawa. Ina jin su ta bango, caka-caka, caka-caka, suna bin kiɗan. Shekara huɗu ana haka, ba ta taɓa cewa uffan ba. Na ɗauka ba ta ji.

Wata Asabar maiɗakina ta tafi suna, yawancin 'yan gidan sun bi ta, tsakar gida ta yi tsit. Shaiɗan ya ce mini, yau fa ranarka ce. Na murɗa zuwa huɗu. Na ji daɗi. Na kai shida. Wallahi na manta shekaruna, na manta ciwon baya, na miƙe tsaye ina taka rawa ni kaɗai da silifas. Ban san cewa a ɗaya gefen babban farantin yana tafiya a hankali ba, yana matsowa bakin hawa, ga ƙofar gilashin ba a kulle ba. Sai na ji fashewar abu a kan siminti. Ko cikin ƙarar nan na ji shi, kuma nan take na san mene ne.

Na same ta a durƙushe tana tsince gutsattsarin tana zubawa a gefen zaninta. Na durƙusa zan taya ta, ta ɗaga mini hannu. Ba ta yi faɗa ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na koma ɗaki na zauna ina kallon Tirela, kwalabenta suna ta haske abinsu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ni da furfura a gemu.

Washegari da safe na je gaisuwa. Ta amsa, ta bar ni a tsugune na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ɗan nan, abin kiɗinka zai bar gidan ga."

Na ce, "Gwaggo, ki yi mini rai. In ya bar gidan nan ina zan kai shi? Magazin? Can ko tsawa aka yi ba a ji."

Gaskiya na faɗa. A Magazin tsakanin masu walda da masu buga bodi, mutum da kansa ma sai ya yi ihu yake jin abin da ya ce. Fitar da jita daga gida daidai yake da in ajiye ta har abada, kuma sa'a ɗayan nan ta bayan la'asar ita ce take sauke mini duk hayaniyar yini daga ka.

Ta daɗe tana kallon gurbin farantin. Ta ce, "Na ba ka zuwa Juma'ar sama. In an sauko masallaci ka kaɗa har la'asar, ni ina nan zaune. Murfi guda ya yi magana, an gama. Kuma sau guda ne, ba a sakewa."

Ranar Litinin na kai kukana wurin maƙwabcina a Magazin, wani fita mai gyaran manyan motoci, abokina tun muna koyon aiki. Shi a wurinsa duk abin da ke duniya inji ne, har da mata da yara. Ya saurara yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Masta, wannan abu simpul ne. Baibireshin ne. Inji na girgiza, ka sa mishi mauntin, finish." Ya ɗauko mini robobin da ake ɗora injin tipa a kai, guda huɗu, baƙaƙe, kowanne kamar dutsen niƙa.

Muka jira ranar da aka kai Gwaggo awon hawan jini a babban asibitin Bantama. Muka ɗora Tirela a kan robobin, na sa maiɗakina ta shiga ɗakin tsohuwa ta tsaya gaban kabad. Na kaɗa a biyu, ta ƙwala, "Shiru!" Na kai uku, ta ce, "Sun fara gulma!" Na kai huɗu, ta fito da gudu ta ce in ina son aurena in kashe. Muka juya akwatin ya kalli ƙofa, muka lulluɓe shi da katifa, abokina har ya kwanta a kai. A banza. Abin da robar ta hana bi ta ƙasa sai ya bi ta iska.

Saura hanya ɗaya, in tsaya a ɗaya da rabi har ƙarshen rayuwata. Na gwada kwana biyu. Wanda ya taɓa tuƙa tirela a lungun Zango, ƙafa a kan birki, ya san yadda na ji. Ban san lokacin da na jingine jitar na kunna rediyo ba.

Abokina ya ce to in nemi mai wat hamsin, kada in sauka ƙasa da haka, mutunci ne. A Magazin haka muke auna kaya. Ka ɗaga ka ji nauyi, in ya sa ka nishi to na kirki ne. Batir, janareto, jak, har surukai. Ni ma a wannan makarantar na tashi, don haka da na tuna da wani dattijo mai gyaran rediyo a Bantama wanda ya saba duba mana kayan ƙungiya, niyyata in sauko kaɗan ne kawai, yadda ba za a yi mini dariya ba.

Dabara ta zo mini cewa in tafi da alƙali. Na ce wa maiɗakina ta aro mini langa ɗaya daga jeren Gwaggo, wadda murfinta ya fi surutu. Ita ce take taya ta gugar Alhamis, ta san halin kowanne. Ta kawo wata mai jan fure. Na miƙa hannu zan karɓa, ta janye.

"Haka za ka ratsa unguwa da kwano wayam? Ka shiga wurin dattijo da kwano wayam? A ce daga gidan wa?"

Na ce ai gwaji zan yi, ba ziyara ba. Ko kallona ba ta yi ba. A gidanmu kwano ba ya fita ƙofa babu komai a ciki, ko na aro ne aka mayar sai an jefa ko da goro biyu. Ta ɗauraye langar, ta cika ta da wakye har baki, shinkafa da wake sun yi ja da karan dafi, ta zuba shito, baƙin yajin nan soyayye, taliya, garin rogo, ganda da ƙwai biyu, ta danna murfi. Na rataya jita a baya, na rungumi langa, na shiga torotoro, bas ɗin haya. Har muka isa Bantama mutanen motar suna haɗiyar yawu.

Shagon dattijon bai canza ba, sai dai shi ya ƙara ranƙwafawa. Ba'asante ne, amma shekarun da ya yi yana gyara wa mutanen Zango rediyo sun ba shi Hausarsa ta kansa. Na gaishe shi da Wofa, wato kawu, kamar yadda muka saba. Na ba shi labari tun daga farantin har robobin tipa. Ya yi dariya har da tari.

"Kai na so ƙarfi, ko kai na so daɗi?" ya tambaye ni.

Na ce duka biyun.

"Duka biyu na filin bol. Cikin ɗaki, zaɓi ɗaya."

Na ambaci wat hamsin. Ya girgiza kai. Ya ce kunne ba ya lissafi irin na makaranta, in ka raba wat biyu ƙara ba ta rabuwa biyu, ɗan kaɗan take sauka, hamsin da ɗari a cikin ɗaki wa da ƙane ne. Ya jawo mini guda biyu daga ƙarƙashin tebur. Ɗaya mai wat sha biyar, lasifika ɗaya babba, fatarta baƙa mai kyau, da maɓallai shida a jere. Na ɗaga, na ji ta ɗan ja kafaɗa, raina ya kwanta. Ɗayar kuwa abin tausayi ce. Wat biyar, kwalabe uku, lasifikar ba ta fi bakin langar da na zo da ita ba, maɓalli ɗaya tak, akwatinta gara ta cinye gindinsa. Na ɗaga ta da yatsa uku na ajiye. Ban ma nemi a kunna ba.

Muka ɗora langar a kan kantar katako da ke jikin bango, muka sa mai sha biyar a ƙasa kusa da ita. Na jona jita, na jira kwalabe suka yi ja. Uku, shiru. Biyar, murya ta fara kauri, murfi ko gezau. Na kai bakwai, na kaɗa wani tsohon salo da muke rufe taro da shi, mai gyaran takalmi na waje ya leƙo yana gyaɗa kai. Murfin nan bai ce komai ba. Na ji kamar in rungumi dattijon. Na ce shi ke nan, na samu, ga daɗi ga mutunci. Muka shirya zan kawo masa Tirela ya riƙe, ni in tafi da wannan.

Sai muka zauna cin wakye, don murna ba ta yiwuwa da yunwa. Muka kira mai takalmi. Mu uku muka yi wa langar tas, dattijo har ya bi gefe da yatsa yana cewa matan Zango sun gama da shito. Ya ɗauraye ta, ya mayar da murfi, ya ajiye a inda take dā. Ina naɗe waya ya ce, "Yi mini wancan waƙa kuma, kakra, kaɗan kawai, kafin kai tafi."

Na sake jonawa. Ban ko kai biyar ba. Tsirkiyar farko mai kauri da na taɓa, murfin ya ɗauka, caka-caka-caka, yana rawa yana zagaya bakin langar kamar an biya shi. Na tsaya. Shi ma ya tsaya. Na sake taɓawa, ya sake amsawa.

Muka kalli juna. Sai a lokacin hankalina ya dawo. Kwanon da na gwada da shi cike yake da abinci, nauyi ya danne shi, maiƙo da tururi sun liƙe murfin. Na cikin kabad ɗin Gwaggo kuwa ba a taɓa zuba ko ruwa a cikinsu ba. Da dattijon nan bai nemi ƙarin waƙa ba, da na ɗauki mai sha biyar na kai gida ina baki har kunne, ranar Juma'a murafai hawa biyar su yi mini shaida gaba ɗaya. Mai takalmi kuwa ya riƙe ciki yana dariya, ya ce wannan ne karo na farko da ya ga an cinye alƙali.

Da ƙafa dattijo ya turo mini ƙaramar.

Na jona ta ina ɓata rai. Ya ce kada a ajiye ta a ƙasa, ya ɗora ta a kan kujera, nesa da bango kaɗan. Na murɗa maɓallin nan guda zuwa shida na taɓa tsirkiya. Ban san yadda zan kwatanta ba. Muryar da nake nema shekara huɗu a ɗakina, wadda na fasa farantin tsohuwa saboda ita, ita ce ta fito daga wannan abu mai cin gara. Mai kauri, mai ɗumi, tana ɗan karcewa in na danna da ƙarfi, tana laushi in na sassauta. Ba wai ba ta da ƙara ba, ta kai rediyon mai shayi in ya samu tashar da yake so. Amma ba ta da dukan ƙirjin nan da yake bin bango. Dattijo ya ce ƙaramar lasifika ba ta iya tura iska mai yawa, kuma wannan ƙasan muryar shi ne yake kaɗa kwanuka. Na kaɗa waƙa uku. Langa wayam tana zaune kamar an yi mata faɗa.

"Shi ƙarami," in ji dattijo, "amma shi na aiki da duk zuciya. Babban naka, rabin barci yake yi."

Sai da aka yi mata sabon akwati. Na kai ta Anloga, unguwar kafintoci, wurin wani kafinta. Ya juya ta, ya dube ni, ya gane damuwata ba tare da na faɗa ba. Ya ce zai iya yi mata gida babba, mai tsayin ƙugu, a sa ta a ciki, ba wanda zai san abin da ke ciki. Ba zan ɓoye ba, na yi minti biyar ina tunani. Sannan na tuna inda son girma ya kai ni, na ce ya yi daidai jikinta, da katako mara nauyi, ya bar bayan a buɗe don kwalabe su sha iska, ya sa mata hannu a sama. Da abokina ya gan ta ya tambaya ko tana kama tashar Hausa. Kwana uku Magazin suna kirana mai rediyo.

Ranar Juma'a aka sauko masallaci. Na mayar da langar tun kafin nan, da goro a ciki. Maiɗakina ta tsaya a tsakar gida tana tsintar shinkafar da ba ta buƙatar tsinta, 'yan haya kowa ya samu abin yi a ƙofar ɗakinsa. Na ɗora ƙaramar a kan kujera, na yi bisimilla, na murɗa zuwa shida. Da farko kunnena ɗaya yana jikin bango. Ban ji komai ba. Na ci gaba. Can na manta da bangon, na kaɗa abina har ladan ya kira la'asar.

Na shiga wurin Gwaggo na tsuguna. Tana zaune a bakin gado, carbi a hannu, idonta a kan kabad.

Ta ce, "To, yaushe za ka fara?"

Na ce, "Gwaggo, ai na gama."

Ta dube ni, ta dubi kwanukan, ta kira maiɗakina ta tambaye ta ko gaskiya ne. Da aka tabbatar mata, ta ce, "To. Ta zauna." Na fito tsakar gida ina ɗaga hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Na kai wa dattijo Tirela, firji ma ya samu wuri a satin.

Na yi kusan wata guda ina shan daɗina. Maiɗakina ce ta fara lura. Ta ce tsohuwa ta rage cin abincin yamma, kuma da an yi la'asar sai ta zauna ta zuba wa kabad ido har magariba, ba ta ko jan carbin. Na ce ko farantin take tunawa. Raina ya sosu, amma ban san abin da zan yi ba.

Wata Laraba na dawo daga aiki, na yi salla, ina shirin kunnawa aka ce tana kira. Na shiga. Ta sa na matso kusa, yadda take yi in tana so ta ji amsa.

"Ɗan nan, ka bari ne?"

"Me, Gwaggo?"

"Kiɗin. Don na yi maka faɗa ka bari?"

Na ce kullum ina yi, jiya ma na yi. Sannan ta ce, "Ni ban ji. Dā in an yi la'asar sai su fara," ta nuna kwanukan da haɓa, "in san ka dawo lafiya, ka ci abinci, ranka da daɗi. In suna sauri in ce yau an samu aiki. In suna ja a hankali in ce wani ya ɓata mishi rai. Yanzu ɗakin ga kamar ba kowa a gidan." Ta gyara ɗankwali. "Ni na ɓoye maka abin kiɗin nan shekara biyu, ban taɓa zama na ji shi da kunnena ba. Da kunnen ya tafi, su ne suke gaya mini."

Shekara huɗu ina ɗauka ba ta ji, ashe saurare take yi. Na yi wata guda ina murnar na rufe bakin murafai, ban san bakin da na rufe ba.

Na tashi na shiga ɗakina. Na ɗauki jita a hannun dama, amfilifaya a hannun hagu. Tirela ko da ƙarti biyu ba ta taɓa shiga ƙofar Gwaggo ba, wannan kuwa na shigo da ita kamar butar alwala. Na nemi kujera zan ɗora, ta ce a'a. Ta miƙe da kanta, ta buɗe gilashin, ta sauke farantan tangaran biyun da suka rage ta kwantar da su a kan filo. Ta nuna hawan tsakiya, inda na mahaifiyarta yake dā.

"Sa ta nan."

Na ce, "Gwaggo, in na sa ta nan duk sai sun yi magana."

"Wa ya tambaye ka?"

Ta shiga daidai, har da ɗan wuri a baya don iska. Na jona, muka jira kwalabe suka yi ja. Ta kai tafin hannunta ta dafa saman akwatin, ta ce ashe ɗumi gare ta. Na murɗa zuwa huɗu na fara a hankali. Hawa biyar suka ɗauka gaba ɗaya, manya da ƙanana, masu fure da fararen silba, caka-caka, caka-caka, ga kuma muryar jitar kanta tana fita dab da kunnenta. Ta rufe ido. Na ga yatsun ƙafarta suna motsi a kan tabarma.

"Yawwa," ta ce. "Ashe haka take."

Yanzu kwana shida a sati ina kaɗawa a ɗakina, murafai suna barci. Ranar Alhamis kuwa, in an gama guga an mayar da kowane kwano gurbinsa, ba a mayar da farantan nan biyu sai bayan magariba. Da na yi la'asar nake ɗaukar kayana in zagaya. In na makara, ta aiko a ce mini hawan tsakiya yana jira.